Yadda Bafalasɗinen da ya daɗe a Katsina zai nemi zama ɗan Najeriya

Da yawa a garin nan sun ɗauka in baƙo ya daɗe, ya yi aure, ya hayayyafa, shi ke nan ya zama ɗan ƙasa. A wurin maƙwabta haka ne. A wurin doka kuwa, ko shekara 50 ya yi a Rafindaɗi baƙo ne, sai ranar da ya nema da hannunsa, Shugaban Ƙasa ya amince, shi baƙon ya yi rantsuwa aka miƙa masa takarda. Ni lauya ne a Katsina, abincina rigimar fili da rabon gado, amma na bi wannan hanya tun daga farkonta har ƙarshe saboda mijin gwaggota, wanda mu yaran gida muke kira Baba Injiniya. Bafalasɗine ne. An haife shi a sansanin Ain al-Hilwa da ke gefen Saida a kudancin Labanan, iyayensa suna cikin mutum sama da 700,000 da aka raba da gidajensu a 1948. Wani kamfanin haƙar rijiyar burtsatse ne ya kawo shi, kamfanin ya mutu, shi ya zauna. Abin da na gani a fayil ɗinsa shi zan shimfiɗa a nan, don surukai da maƙwabta da abokan kasuwancin irinsa, saboda rabin aikin a hannunmu yake.

A fara da jakar takardu

Kada a fara da lissafin shekaru. A fara da zazzage jakar takardu, a duba abin da mutumin yake riƙe da shi ɗaya bayan ɗaya, domin Falasɗinawa ba takarda iri ɗaya suke yawo da ita ba, kuma kowace iri da inda take kai mai ita.

Akwai mai fasfon Jodan. Dokar Jodan ta 1954 ta mayar da Falasɗinawan da ke zaune a ƙasar da Gaɓar Yamma 'yan ƙasa, amma a ranar 31 ga Yuli 1988 Sarki Husaini ya sanar da yanke alaƙar mulki da Gaɓar Yamma, mazauna can suka fita daga wannan matsayi. Shi ya sa fasfon Jodan iri biyu ne. Mai ɗauke da lambar ɗan ƙasa na cikakken ɗan Jodan ne. Wanda babu lambar, na wucin gadi ne, tafiya kawai ake yi da shi, kuma irinsa ne ke hannun mutanen Gaza da suka tsallaka Jodan a 1967. A buɗe shafin hoto a nemi lambar nan tukuna.

Akwai mai fasfon Hukumar Falasɗinawa, wanda aka fara bayarwa a 1995 bayan yarjejeniyar Oslo tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa. Asalinsa na masu lambar katin shaida ne a rajistar mutanen Gaza da Gaɓar Yamma, rajistar da Isra'ila ke da ta cewa a kanta. Ana ba wasu mazauna waje irin wanda babu wannan lamba, sai dai ba ya ba mai shi damar komawa ya zauna. Sai kuma masu takardar tafiya ta 'yan gudun hijira da Labanan ko Siriya ko Masar suka bayar. A ido kamar fasfo take, tana da bango da hoto da shafukan biza, amma ba ta mayar da mai ita ɗan wannan ƙasar ba. Ta Masar ma ba ta isa ta shigar da mutum Masar ɗin ba sai da biza. Ta Labanan ce a hannun Baba Injiniya, kuma ya yi shekaru yana shan tambayoyi a filayen jirgi saboda ita.

Dalilin wannan bincike shi ne sashe na 28 na Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashen ya ce wanda aka ba zama ɗan Najeriya alhali yana riƙe da zama ɗan wata ƙasa da ba ta hanyar haihuwa ya same shi ba, dole ya saki wancan cikin wa'adin da aka gindaya, in ba haka ba na Najeriya bai tabbata ba. To wanda ya gaji zama ɗan Jodan daga mahaifinsa, Najeriya ba ta ce ya saki ba. Mai takardar tafiya ba shi ma da abin saki. Amma wanda ya taɓa zama a Suwidin ko Kanada har ya karɓi fasfonsu kafin ya zo nan, sai ya zaɓi ɗaya.

Mutum ɗaya nake cewa ya dakata ya yi dogon tunani, shi ne haifaffen Gabashin Birnin Ƙudus mai katin zama na Isra'ila. Wannan kati izinin zama ne kawai, kuma a ƙa'idarsu ana iya soke shi idan mutum ya shekara 7 a waje, ko ya karɓi izinin zama na dindindin ko zama ɗan wata ƙasa. Mutum sama da 14,000 aka soke wa tun 1967. Wanda har yanzu nasa yana aiki, ya nemi lauyan can ya yi magana da shi kafin ya cika ko layi ɗaya a nan.

Akwai kuma abin da ba a rubuce yake ba, wanda ya fi takardun nauyi. Ranar da na fara kawo maganar, Baba Injiniya ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Barista, in na karɓi koren fasfo, ban sayar da gidan babana ba kuwa?" Ba tambayar wasa ba ce. Tun yarjejeniyar Kasabalanka ta 1965 ƙasashen Larabawa suka tsaya a kan a ba Falasɗinawa damar zama da aiki amma su ci gaba da zama Falasɗinawa, don kada maganar komawa gida ta bi ruwa, kuma da wannan tunani ya tashi. Abin da na iya gaya masa shi ne, ƙuduri na 194 na Majalisar Ɗinkin Duniya, na Disamba 1948, wanda ya yi maganar komawar 'yan gudun hijira, yana nan, kuma rajistarsa a UNRWA, hukumar Majalisar mai kula da Falasɗinawa 'yan gudun hijira, ba ta faɗuwa don ya zama ɗan wata ƙasa. A Jodan akwai masu rajista sama da miliyan 2, mafi yawansu cikakkun 'yan Jodan ne. Na faɗa masa wannan na yi shiru. Kada a matsa wa mutum a wannan gaɓa, ko da kuwa 'ya'yansa ne ke ƙosawa. Gwaggo ce ma ta kira ni daga baya ta ce ya ce a fara.

Ta wace ƙofa

Hanyar zama ɗan ƙasa uku ce a Babi na 3 na kundin: haihuwa a sashe na 25, rajista a sashe na 26, sai nema bayan daɗewar zama a sashe na 27.

'Ya'yan da mahaifiyarsu 'yar Najeriya ce, 'yan ƙasa ne ta haihuwa, ba sa neman komai. Sashe na 25 cewa ya yi ɗaya daga cikin iyaye, bai ce uba ba. Na sha ganin ana rikita mutane a nan, har uwa ta riƙa jin tsoron kai ɗanta yin fasfo. Amma in uwa da uba duka baƙi ne, haihuwa a asibitin Katsina ita kaɗai ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa, don haka a sa takardun haihuwar ƙananan yara cikin fayil ɗin uban tun farko, a kuma yi maganarsu a rubuce.

Bafalasɗiniyar da ke auren ɗan Najeriya, ko ta taɓa aurensa, rajista za ta yi a sashe na 26, babu sharaɗin shekara 15 a kanta. Namijin da ya auri 'yar Najeriya kuwa ba shi da wannan gata. An kai ƙudurin gyara wannan Majalisar Tarayya, aka kayar da shi a Maris 2022, kuma a ganina an yi kuskure. Abin da miji zai iya samu shi ne matsayin zama na musamman da sashe na 32 ya tanadar wa mazaje da matan 'yan ƙasa. Yana sauƙaƙa zama ƙwarai, amma ba ya ba da fasfo ko ƙuri'a. Saboda haka Baba Injiniya, duk da jikoki a Ƙofar Ƙaura, sashe na 27 ya bi kamar kowane baƙo.

Sharuɗɗan sashen bakwai ne: ya zama baligi mai hankali, mai halin kirki, ya nuna a fili nan yake nufin zama, gwamnan jiharsa ya gamsu jama'a sun karɓe shi kuma ya saje da rayuwarsu, ya zama ya amfani ƙasa ko zai iya amfanarta, ya yi rantsuwar biyayya, sannan shekarun zama. Uku daga ciki ne ke cin lokaci.

Shekarun, da shaidarsu

Hanya biyu ake lissafawa. Ko dai shekara 15 a jere har zuwa ranar nema, ko kuma wata 12 a jere kafin ranar nema, sannan a cikin shekara 20 da suka gabaci watannin nan a tara zaman da ya kai shekara 15. Ta biyun ce ke ceton 'yan kasuwa da ma'aikatan da suka taɓa fita. A ce mutum ya zo a 2003, ya tafi aiki Dubai daga 2010 zuwa 2014, ya dawo, ya nema a 2025. Ta hanyar farko shekara 11 kawai gare shi. Ta hanya ta biyu, daga 2004 zuwa 2024 in an cire 4 saura 16, ya wuce. Shawarata, a watanni 12 na ƙarshen nan a zauna wuri ɗaya. Umara da bikin 'yan'uwa a Bairut su jira.

Faɗar shekaru ba wuya, nuna su ne aiki. Babbar shaida ita ce tsofaffin fasfo ko takardun tafiya da hatiman shiga da fita, sai katin izinin zama na CERPAC da takardun izinin da aka yi amfani da su kafinsa. Duk wanda ya ƙare a adana shi, ko ya yage. Mu nan da Jibiya da Kongolam ke kusa, mutum kan leƙa Maraɗi ko Damagaram ya dawo. Ga ɗan gari ba komai ba ne, ga baƙo kuwa fita ce daga ƙasa, ya tabbata an buga masa hatimi a tafiya da dawowa. Wanda ya zo kafin Satumba 1987 zai ga takardunsa na farko da sunan jihar Kaduna, a yi bayanin haka a wasiƙar nema don kada a ɗauka wani wuri ya zauna.

Inda aka fi samun giɓi shi ne lokacin da kamfani ya rufe. Izinin zaman ma'aikaci baƙo a jingine yake da gurbin da gwamnati ta ba kamfanin da ya ɗauko shi, in kamfanin ya mutu sai mutum ya tsinci kansa a rataye. Haka ta faru da Baba Injiniya tsakanin rufewar kamfaninsu da lokacin da ya koma kan matsayin mijin 'yar ƙasa. An gyara masa izinin tun a wancan lokaci, amma muna buƙatar nuna cewa a tsakanin nan bai bar Katsina ba. Gwaggo ce ta fitar da mu. Ta shiga ɗaki ta sauko da wata tsohuwar kwalla daga saman kabad, irin ta jeren aurenta, ta buɗe. Ga takardun kuɗin wuta tun zamanin NEPA an ɗaure su da tsumma shekara-shekara, ga rasit ɗin kuɗin haya da hannun mai gidan, ga katin awon ciki, ga rasit ɗin makarantar yara da sa hannun uban a kan kowanne. Har da takardar wani asibiti ta lokacin da bututu ya faɗo masa a ƙafa. Muka jera su bisa kwanan wata, muka yi kwafi, babu watan da ya rage babu shaida. Tun daga nan duk wanda ya zo mini da irin wannan magana, tambayata ta farko ita ce wa ke ajiyar takardu a gidan.

Wanda izininsa ya ƙare bai sabunta ba, kada ya ɓoye, kada kuma ya shigar da nema a haka. Ya fara zuwa ofishin Hukumar Shige da Fice ya daidaita zamansa.

Sai maganar suna, wadda ta fi ba ni ciwon kai fiye da komai. Bafalasɗine suna huɗu gare shi: nasa, na uba, na kaka, na dangi. Labanan da rubutun Faransanci take juya su, Jodan da na Ingilishi, magatakardanmu kuma ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Sai ka ga Youssef a takardar tafiya, Yousef a katin UNRWA, Yusuf a banki, Husaini ya koma Usaini a takardar aure, sunan dangi ya ɓace gaba ɗaya a katin NIN. A zaɓi rubutun da ke kan takardar tafiya a tsaya a kansa, a je Babbar Kotu a yi rantsuwar cewa duk sunayen na mutum ɗaya ne, a buga a jarida, a gyara na banki da NIN su dace. Takardun Larabci a fassara su zuwa Ingilishi a wurin wanda zai sa hannu ya tsaya a kan fassararsa, don muna da masu Larabci da yawa amma ba kowa ne ya saba da kalmomin ofis ba. In takardar haihuwa ta ɓata ko yaƙi ya ci ta, katin iyali na UNRWA yana taimakawa, kuma akwai ofishin jakadancin Falasɗinu a Abuja, Najeriya ta amince da ƙasar Falasɗinu tun Nuwamba 1988. A wurin da fom ya tambayi ƙasa, a rubuta gaskiya: Bafalasɗine mai takardar tafiya ta Labanan. Kada don duk gari na ce masa Kwara a rubuta ɗan Labanan. Wanda zai duba fayil ɗin ya san bambancin.

Inda aikin ya zama namu

Sharaɗin gwamna shi ne wanda babu lauyan da zai iya cika wa mutum. Gwamna bai san Baba Injiniya ba, abin da aka kai masa daga ƙasa shi zai gani: rahoton ƙaramar hukuma, rahoton jami'an tsaro, da abin da mutanen unguwa suka faɗa lokacin da aka zo tambaya. Don haka tun kafin a shigar da komai a bi ta kan mai unguwa, zuwa dagaci, zuwa hakimi, wanda a cikin birni shi ne Magajin Gari. Na ƙasar Daura su bi ta tasu masarautar. Kundin bai lissafa wasiƙunsu ba, amma su ne ƙashin bayan ra'ayin da za a nema.

Da muka je wurin mai unguwarmu bayan La'asar, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, shaida muka zo nema a kan Baba, gwamnati na son ta san ko jama'a sun karɓe shi." Tsohon ya dube ni kamar na yi saɓo. "Wanga bawan Allah? Ranar da aka rufe mahaifina da tankarshi aka kai ruwa maƙabarta. Mi za a tambaya kuma?" Ya sa aka rubuta wasiƙa, washegari aka kawo mini. Layi huɗu ce: mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa, muna roƙon a taimaka masa. Mu 'yan ɗakin kara mun iya yabo a dunƙule, amma jami'in da ke Abuja ya karanta irin wannan sau ɗari, ba ta gaya masa komai. Na koma na roƙi arziki a sake, a sa abin da ya faɗa mini da bakinsa. Wasiƙa ta biyu ta faɗi shekarar da ya tare a unguwar, gidan da yake, wadda ya aura da gidan da ta fito, cewa da Hausa yake magana da kowa, cewa yana cikin kwamitin gyaran magudanar ruwa, da rijiyar da ya haƙa wa makarantar allo bai karɓi ko kwabo ba. Haka ake so kowace wasiƙa ta kasance, abin da aka gani da ido, da shekara, da wuri.

A lura, sajewa da jama'a ba addini ake nufi ba. A cikin Falasɗinawa akwai Kiristoci, musamman mutanen Baitalami da kewayenta, kuma sashe na 27 bai ambaci addini ba. Bai kuma sa jarrabawar harshe ba. Sai dai wanda ya shekara 20 a Katsina bai iya amsa gaisuwa ba, shi ma ya san da wuya a ce ya saje.

Ana kuma buƙatar 'yan ƙasa da za su tsaya masa, su ba da wasiƙa da hoto da kwafin shaidarsu. Kuskuren da ake yi shi ne a tafi neman babban suna. Babban mutumin da bai san inda gidan yake ba, in aka kira shi ya ce "wa ke nan?", ya ɓata fayil ɗin. Mu wani tsohon shugaban makaranta muka sa, da wani ɗan kasuwar kayan famfo da suka shekara da shekaru suna hulɗa. Duk wanda zai tsaya ya karanta fayil ɗin tukuna, ya san sa hannunsa yake bayarwa.

Amfanin da mutum ya yi wa ƙasa ma da takarda ake nuna shi. Takardar shaidar biyan haraji ta shekarun baya-bayan nan ba makawa, ta kansa daga hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, ta kamfani kuma in yana da shi, tare da takardar rajistar kamfanin. A haɗa da sunayen ma'aikata da albashinsu. Abin da ya fi ƙarfi a namu fayil ɗin shi ne wasiƙun yaran da ya koya wa aiki, waɗanda yanzu wasu ke da injin haƙa nasu a Funtuwa da Dutsin-ma. Likita ya kawo shaidar asibitocin da ya yi aiki, malami ya kawo ta makarantu.

Shigarwa da jira

Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke karɓar nema, ta sashenta mai kula da zama ɗan ƙasa, kuma yanzu ta intanet ake cikawa a ɗora takardu. Jerin abin da ake buƙata da kuɗin da ake biya suna canzawa, a duba shafin ma'aikatar a ranar da za a shigar, a biya ta hanyar da shafin ya nuna, a adana rasit. Za a samu masu cewa sun san wani a Abuja, a kawo kaza a gama cikin wata uku. Wani ya zo har gida ya yi wa Gwaggo wannan romon baka, ta ba shi ruwa ya sha ta sallame shi. Babu mutum ɗaya da wannan abu ke hannunsa. Hukumar tsaro ta farin kaya, DSS, za ta yi bincikenta, Shige da Fice ta duba tarihin zama, a nemi ra'ayin gwamna, kwamitin ba da shawara ya zauna ya tace, a kai Majalisar Zartarwa ta Tarayya, sannan Shugaban Ƙasa. In aka kira mutum ganawa ya tafi da asalin takardunsa, ya amsa abin da aka tambaye shi daidai da abin da ya rubuta.

Rukuni-rukuni ake bayarwa, ba ɗaya-ɗaya ba. A Satumba 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ba mutum 286, daga ciki 208 ta hanyar daɗewar zama, 78 ta rajista. Wannan adadi na ƙasa baki ɗaya ne, ya isa ya nuna cewa jiran na shekaru ne. A duk tsawon jiran mutum baƙo ne, ya ci gaba da sabunta izinin zamansa da takardar tafiyarsa da biyan haraji. In ya sauya gida ko lambar waya ya sanar a rubuce. Rantsuwar tana cikin Jadawali na 7 na kundin, da Ingilishi take, gajeriya ce, dattijon da Ingilishinsa na wurin aiki ne a karanta masa ita a gida ya saba.

Bayan an karɓa

Da takardar a hannu sai a gyara bayanan NIN, a nemi fasfo, a yi katin zaɓe. Asalin takardar a yi mata kwafi da yawa a ɓoye ta, don ita za a riƙa tambaya duk lokacin sabunta fasfo.

Akwai iyakoki da ya kamata a sani. Sashe na 307 ya hana wanda aka ba takardar riƙe muƙamin zaɓe ko na naɗi a ƙarƙashin kundin har sai ya shekara 10. Shugaban Ƙasa da gwamna kuwa sai ɗan ƙasa ta haihuwa, a sashe na 131 da na 177. Sashe na 30 ya ba Shugaban Ƙasa ikon ƙwace takardar in cikin shekara 7 na farko kotu ta ɗaure mutum shekara 3 ko fiye. Takardar asalin ƙaramar hukuma kuma wani abu ne dabam, zama ɗan ƙasa ba ya kawo ta. 'Ya'yan Gwaggo ta wajenta suka samu tasu, kuma sashe na 318 yana bayansu, tunda ya ce ɗaya daga cikin iyaye ko kakanni.

Babbar riba a wurina, ni mai shari'ar fili, ita ce sashe na 43, wanda ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar fili da gida ko'ina a Najeriya. A 2017 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani Bajamushe kan fili a Kajuru ta jihar Kaduna, ta ce a matsayinsa na baƙo ba shi da hurumin riƙe mallakar. Baƙi da yawa suna sayen gida da sunan mata ko aboki ko kamfani saboda irin wannan, ranar rabon gado kuma a zo ana kallon-kallo. Baba Injiniya ya fito daga ƙasar da dokar 2001 ta hana Falasɗinawa mallakar gida, ya zo nan ya gina gida da sunan matarsa. Aikin farko da na yi masa bayan rantsuwa shi ne mayar da takardun shagonsa da filin ajiye injuna zuwa sunansa. Gidan kuwa ya ce a bar wa Gwaggo.

Yawancin irin waɗannan iyalai a warwatse suke, don haka tambayar wasu ƙasashe ba ta ƙarewa. Ƙanin Baba Injiniya yana Barlin. A Jamus tun Yuni 2024 shekara 5 ake nema, da harshen Jamusanci a matsakaicin mataki da suke kira B1, da jarrabawa, da iya riƙe kai, da amincewa da alhakin tarihi na Jamus na kare rayuwar Yahudawa, kuma sai an tabbatar da ko wane ne mutum da takardu, wanda nan ne masu takardar tafiya ke daɗewa. Kanada kwana 1,095 take ƙirgawa cikin shekara 5 ga mai izinin zama na dindindin. Amurka shekara 5 bayan samun katin zama, rabinsu a cikin ƙasar. Shekarun da suke nema ba su kai namu ba ko kusa, shi ya sa wasu ke cewa bari a karɓi na Najeriya yanzu, in yara sun ja mutum Kanada a ƙara da na can. 'Ya'yan da suke 'yan Najeriya ta haihuwa suna iya haɗa biyu. Uban da ya samu ta sashe na 27 ba zai iya ba: sashe na 28 ya ce ranar da ya karɓi zama ɗan wata ƙasa da ba ta haihuwa ba, na Najeriya ya faɗi nan take. In zai bi yara can, ya tsaya a kan izinin zama, kada ya yi rantsuwarsu sai ya yanke shawarar barin koren fasfo.